Ɗaurin Dawanau a Kujerar Jariri

Idan kana neman mutumin da cika baki ya zame wa sana'a ta biyu, ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Shady Grove, ka tambayi gidan Ubale a Gaithersburg. Ɗan Kano ne, haifaffen Kurna, mai karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a birnin Washington. Murya kam Allah ya ba shi, wannan ba na musu. Inda matsalar take, duk abin da ya bi ta bakinsa a gaban makirfo, to shi ke nan ya zama gwaninsa har abada. Ya taɓa karanta rahoto a kan ciwon haƙori, aka yi wata guda yana leƙa bakin mutane a ofis.

To wata rana aka miƙa masa rahoton minti huɗu a kan kujerar yara a mota. Ya karanta cewa a jihar Maryland yaron da bai kai shekara takwas ba sai an ɗaure shi a kujerarsa, sai fa idan ya kai tsawon da doka ta yanka. Ya karanta cewa jariri a kujerar baya ake sa shi, fuskarsa tana kallon baya. Tun daga ranar masu 'ya'ya suka shiga uku. Ko a wajen sallar Idi ya ga mota da yaro sai ya ƙwanƙwasa gilashi ya yi wa uban yaron lacca, alhali shi ko sau ɗaya bai taɓa riƙe irin kujerar da hannunsa ba.

A watan Yulin 2011, ranar wata Asabar, matarsa Hadijatu ta haifi ɗansu na fari, namiji. Sai dai yaron ya zo da shawara, likitoci suka riƙe shi ƙarƙashin fitila, uwar tana kwana a wajensa. Aka ce sai Asabar mai zuwa da safe za a sallame shi, wato ranar suna ke nan cif. An riga an kama zauren taro na rukunin gidajensu, an gaya wa liman ƙarfe goma sha ɗaya. Shi kuwa asibitin yana da ƙa'ida: ba a barin jariri ya fita sai an ga kujerar da za a sa shi a mota.

Ubale ya tsaya a tsakiyar ofis ya bugi ƙirji. "Da hannuna zan ɗauko ɗana, a motata, in tsaya a ƙofar zaure ƙarfe goma sha ɗaya daidai. Wanda bai gani ba ya yi asara."

Wannan alwashi yana da dalili. Surukarsa Hajiya Talatu ta zo daga Kano don jego, kuma tun a filin jirgi, yana turo mata akwati, ta juya ta tambayi 'yarta a gabansa, "Wai shi aikin nasa magana ce kawai?" Maganar nan ta yi mako uku tana cin Ubale. Yana so, ko sau ɗaya ne, tsohuwar nan ta ga ya yi wani abu da hannunsa ya yi kyau.

Ranar Alhamis da yamma maƙwabciyarsu ta sama ta sauko da ƙaton kwali. Constance ke nan, 'yar Jos, nas ce a ɗakin masu haihuwa na asibitin da yaron yake.

"Oga Ubale, ga kujera sabuwa fil, matan unguwa ne muka haɗa muka saya wa jariri. Gobe ka kai wa 'yan kwana-kwana, suna da masu ɗaura ta su duba maka."

"Ni? In kai kujera wajen masu kashe gobara? Wuta ta kama?"

"To bari maigidana Davou ya sauko ya ɗaura maka. Ta 'yarmu Becky ma shi ya ɗaura ta."

"Davou akanta ne, Madam. Ya tsaya a lissafinsa."

"To ko littafin da ke cikin kwalin ka karanta."

Ubale ya yi murmushin tausayi. "Abin da ke cikin littafin nan, ni na karanta wa Afirka ta Yamma gaba ɗayanta. Har wasiƙar godiya aka aiko min daga Ngaundere."

Constance ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya taimaka, ta hau benenta. Littafin kuwa ya yi fifita da shi na ɗan lokaci, daga nan ya ninke shi ya tokare ƙafar teburin cin abinci da ta daɗe tana rawa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka fara aiki a filin ajiye motoci. Hajiya Talatu ta dawo daga asibiti don ta dama kunu, ta shimfiɗa darduma a gindin bishiya da carbinta. Imrana, abokin aikin Ubale ɗan Maraɗi da ke zaune a rukunin, ya fito da kujerar roba da kofin shayi, don ya san yau akwai kallo.

Ubale ya buɗe ƙofar gaba ya dasa kujerar kusa da direba.

"Mushe Ubale, mi kake yi?" in ji Imrana, wanda "malam" ɗinsa da Faransanci yake faɗa, wato "mushe". "Jakar iska hwa? Kai da bakinka ka hwaɗi a rediyo cewa in ta hwashe tana kashe jinjiri."

Ubale ya gyara murya. "Gwada ka nake yi, in ga ko kuna saurarona. Ka ci jarrabawa."

Ya mayar da ita baya, ya juya ta tana kallon but ɗin mota kamar yadda ya karanta. Nan Hajiya ta ajiye carbi.

"Tsaya. Ina fuskar yaron za ta kalla?"

Ubale ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. "Baya, Hajiya. Haka ƙa'idar take."

"Baya? Tafiyarsa ta farko a duniya ya yi ta da baya-baya? Kuma ya ba ubansa ƙeya? Tun yana kwana bakwai za ku fara koya masa rashin kunya?"

Wallahi Ubale ya san amsar. Ya san wuyan jariri ba ƙwari, idan aka taka birki kan ne ke fizgewa gaba, shi ya sa ake juya shi. Amma wannan ne karo na farko da surukarsa ta yi masa magana kai tsaye ba ta bakin Hadijatu ba, kuma daɗin abin ya hau masa ka.

"Ai gaskiyarki, Hajiya. Wancan na 'ya'yan Turawa ne, da ba a goya su. Namu kuwa tun daga ciki wuyansu a tsaye yake."

Imrana ya ƙware da shayi. Ubale ya harare shi, ya juya kujerar tana kallon gaba.

Sai aka zo kan bel ɗin mota, wanda da shi ake ɗaure kujerar. Ya ja, bel ya ƙi. Ya saki, bel ya koma da gudu ya make masa yatsa. Ya zura ta wannan rami ya fito ta wancan, ya danna, kujerar ta kwanta ta gefe. Ya hau kanta da gwiwa, ƙahon mota ya yi ƙara, ba wanda ya san ta yaya. Minti arba'in yana fama, gumi ya jiƙa masa kaftani, maƙwabta suka fara leƙowa ta baranda. Daga ƙarshe ya fito ya karkaɗe hannu.

"Bel ɗin nan na bogi ne. Kamfanin sun yi sa'a ba ni da lokacin kai su kotu."

Ya shiga gida ya fito da igiyar shanya, doguwa, shuɗiya.

"Lokacin da nake sakandare," ya ce, yana ɗaga murya don na baranda su ji, "duk hutu a kasuwar Dawanau nake yi, wajen masu lodin hatsi. Da hannun nan na ɗaure buhu ɗari uku a kan tirela, ta je Agadas ta dawo ko ƙwayar gero ba ta zube ba. Jariri ɗaya ne zai gagare ni?"

"Tirelar ta dawo da buhunan kuma?" in ji Imrana. "Ba a sayar ba?"

"Kai dai sha shayinka."

Ya naɗe kujerar sau uku. Ya zura igiyar ƙarƙashin kujerar direba, ya fito da ita ta tagar hagu, ya wurga ta saman rufin mota, ya shigo da ita ta tagar dama. Ya bi ta hannun ƙofar nan, ya bi ta hannun waccan, ya taka taya ya ja har motar ta yi ƙara, sannan ya ƙulle bakin igiyar a matashin kan direba. Ya ɗaga gilasai suka cije igiyar. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

Imrana ya tashi ya ja ƙofar baya. Ba ta buɗe ba. Ya zagaya ya ja ɗayar, ita ma haka.

"To, ta ina za a sa jinjirin?"

Ubale bai yi tunanin wannan ba, amma ko ƙifta ido bai yi ba. "Ta gaba za a miƙa shi. Ƙofar da ba ta buɗuwa, yaro ba ya faɗowa ta cikinta. Su kansu Turawan tunaninsu bai kai nan ba."

Saura gwaji. Ya ɗauko ƙaramin buhun shinkafa daga kicin, wai nauyinsa ya yi kusa da na yaron. Zai zura shi ke nan Hajiya ta ce ba a yi haka ba, ai jikanta ba tsirara zai hau mota ba, in gwaji za a yi a yi na gaskiya. Ta aika aka ɗauko jakar da ta zo da ita daga Kano. Ta sa wa buhu rigar sanyi ta ulu, ta sa masa hula mai tuntu, ta cusa kusurwoyinsa biyu cikin safa, ta naɗe shi da shawul, a cikin zafin Yulin da ko kare ba ya fita. Imrana ya ari kwallinta ya zana wa buhun idanu biyu a lumshe da ɗan baki. Kai, in ka hango shi daga nesa sai ka ce a yi magana a hankali kada ya tashi.

Ubale ya rarrafa ta tsakanin kujerun gaba ya zaunar da shi, ya tada mota. Ya zagaya filin sau biyu, da gudun da wata tsohuwa mai jan kare ta wuce shi a ƙafa. Ya taka birki a hankali a gaban darduma. Buhu bai motsa ba.

Hajiya ta leƙa ta gilashi, ta daɗe tana kallo. "To," ta ce, "ba laifi."

Kalmomin nan uku suka bugar da Ubale. Nan take ya canja tsari. Ya ce wa Imrana gobe kada baƙi su zauna jira a zaure, ya kwaso su a jerin motoci zuwa ƙofar asibiti ƙarfe goma da rabi, a yi wa yaro rakiya, kowa ya ga yadda ake ɗauko ɗa.

Asabar da sassafe Hajiya ta bi Constance asibiti, don ita ke aikin safe. Ubale ya ci ado, babbar riga ta shadda ruwan ƙasa, hula zanna, turare har bakin titi. Buhun ya bar shi a kujerarsa don ya nuna wa Constance. A hanya ya tsaya a shagon kayan Afirka ya karɓi goro da dabino. Ya kulle mota a rana, ya ce minti biyu. Sai ya tarar matar mai shagon tana da ciki, ai kuwa ya ajiye kwali ya fara yi musu bayanin dokar kujerar yara tun daga farko.

Bayan kusan rabin awa ya fito da kwalin dabino a kafaɗa, ya tarar filin ya cika. Motar kashe gobara, motar asibiti, motocin 'yan sanda biyu, jama'a sun yi da'ira. Jinin aikin jarida ya motsa. Ya taɓa wani mutum ya tambaye shi da Turanci me ya faru.

"Wani marar imani ne ya kulle jariri a mota cikin zafin nan. Ya naɗe shi da ulu, ya ɗaure shi da igiya. Yaron ko motsi ba ya yi."

"Subhanallahi!" Ubale ya dire kwali. Ya ɗaga muryar nan tasa ta rediyo. "Jama'a, wannan fannina ne, shekara biyu ina faɗakarwa a kansa! Irin waɗannan iyaye gidan yari ne ya dace da su. A ƙwace yaron, a ƙwace lasisin, a buga hotonsu a jarida!"

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Wata ta ce a ba ƙwararre hanya. Aka dare masa, ya kutsa yana baza riga, har ya iso gaba. Abin da ya fara gani shi ne shuɗiyar igiya a kan rufin mota. Kafin ya haɗiye yawu, tas! gilashin tagar baya ya tarwatse.

Wani ƙaton ɗan kwana-kwana ya sa wuƙa ya datse igiya, ya zaro jariri ya ruga da shi kan gadon motar asibiti. Wata Baturiya, wadda ita ce ta kira su, tana kuka tana cewa ta ga ɗan bakinsa, ya bushe. Ma'aikaciyar jinya ta warware shawul, ta zare hula, ta ɗaga rigar ulu za ta danna ƙirji. Sai ta tsaya. Ta sunkuya ta karanta abin da ke rubuce a ƙirjin.

"Shinkafa ce," ta ce. "Mai doguwar ƙwaya."

Jama'a suka kalli juna. Ɗan sanda ya juyo ya tambayi motar wa ce. Ubale ya fara ja da baya a hankali, ya cusa hannu a aljihu ya damƙe, ashe a kan makullin motar ya damƙe. Motar ta yi ƙara sau biyu, fitilunta suka ƙifta. Kowa ya juyo ya kalli ƙwararre.

Ɗan sandan ya fito da ɗan littafinsa. "Yallaɓai, me ya sa shinkafarka take sanye da hula?"

"Surukata ce ta sa mata."

"Me ya sa take da idanu?"

"Abokin aikina ne. Ɗan Nijar ne."

"Igiyar fa?"

"Wannan fasaha ce ta ƙasarmu."

Ɗan sanda ya duba lasisi, ya kira ofishinsu, ya daɗe yana magana, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce ya bincika, bai sami dokar da ta hana shinkafa sa hula ba, amma idan ya kuskura ya sa ɗan mutum a wannan abin, su biyu za su sake haɗuwa. Wata 'yar kwana-kwana ta matso cikin mutunci ta ce ita ta yi kwas a kan kujerun nan. Ta ce wannan ta cika da gilashi, sai an kwance ta an tsabtace, amma idan ya biyo su ofis za ta nuna masa yadda ake ɗaurawa da bel cikin minti biyar.

Mai hankali da ya bi ta da gudu. Ubale kuwa ya ga mutane suna kallo, har da masu ɗaukar hoto da waya.

"Na gode, 'yar'uwa. Amma ki faɗi gaskiya, sai da kuka sa wuƙa kafin igiyar ta saki, ko ba haka ba? To shaida ta ƙare."

Ya karɓi buhunsa ya mayar masa da hula. Ya kaɗe gilashin da bakin riga, ya tsinci guntayen igiya ya ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗauri, yana cewa na yau ma ya fi na jiya.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma ya shigo harabar asibiti. Motoci shida na 'yan suna suna jere, maza da manyan riguna, mata da gwaggwaro, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Jos, duk sun gaji da tsayuwa a rana. A bakin ƙofa ga Constance ta turo Hadijatu a keken marasa lafiya, jariri a ƙirjinta, Hajiya a gefe da fulas ɗin kunu. Motar Ubale ta tsaya a gabansu, taga ɗaya babu gilashi, igiya mai ƙulli goma sha tana lilo a kan rufi, buhu yana zaune a baya da hularsa a karkace.

"Malam, lafiya?" in ji Hadijatu. "Hatsari ka yi?"

"Iska nake so ta riƙa shiga wa yaro. Miƙo shi."

Constance ta taka birkin keken, ta zo ta ja ƙofar baya. Ta sake ja.

"Ta gaba ake sa shi," in ji Ubale. "Ko ta tagar nan, tunda yanzu a buɗe take."

Ta zura hannu ta tagar ta kama gindin kujerar ta girgiza. Kujerar ta tafi hagu, ta dawo dama, buhu ya gyaɗa kai.

"Oga Ubale, kujerar jariri ba ta wuce inci ɗaya in an girgiza ta. Wannan rawa take yi. Ga ta tana kallon gaba. Ga gilashi a ciki. Ga igiyar shanya. Yaron nan ba zai shiga motar nan ba."

"Madam, ɗana ne."

"Ɗanka ne, amma sai na sa hannu zai fita."

"Hannunki ne ya fi ƙarfi, shi ya sa ta motsa. Ɗaurin Dawanau ba a gwada shi da hannu, a kan hanya ake gwada shi. Hajiya ma shaida ce. Jama'a, ku matsa!"

"Malam, don girman Allah ka bari," in ji Hadijatu. "Liman yana jira."

Ina! Ya riga ya tattare riga ya shige. Ya ja da baya har ƙarshen harabar. Jiya mutum biyu ne 'yan kallo sai na baranda, ya yi tafiyar hawainiya. Yau kuwa mutum talatin ne, har da shugaban sashensu, don haka ya ba ta wuta sosai. Yana isowa daidai ƙofa ya haye birki da ƙafa biyu.

Ƙullin farko ya tsinke, sauran suka bi. Kujerar ta tuntsuro ta daki ƙeyarsa, hular zanna ta yi tsalle ta fita ta taga. Buhu ya fice daga cikin ɗamararsa, ya bi ta tsakanin kujerun gaba, ya wuce kunnen Ubale, ya daki gilashin gaba da ƙarar da aka ji har hawa na uku. Gilashi ya tsage. Buhu ya fashe. Shinkafa ta cika sitiyari, ta cika cinyarsa, ta shiga wuyan rigarsa. Ya buɗe ƙofa, ta biyo shi waje shaaa, ta bazu a kan kwalta.

Wani ya fara dariya, biyu suka taya shi, Imrana har ya riƙe ciki. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Kowa ya ga 'yar hular ulu a maƙale a tsakiyar tsagin gilashin, daidai inda buhun ya daka. Hadijatu ta ƙanƙame jaririnta har ya farka ya fara kuka, ita ma hawaye na zuba.

Hajiya Talatu ta yi salati, ta ajiye fulas a ƙasa. Ta tako har gaban surukinta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni na ce ka juya ta," ta ce. "Ni tsohuwa ce, ban san mota ba, ban san birki ba. Kai da ka sani fa? Don in ce maka ba laifi za ka jefa min jika a gilashi?"

Ubale ya buɗe baki, ƙwayar shinkafa biyu suka faɗo daga gemunsa. Ya kalli hular, ya kalli ɗan kan yaron da ke hannun Hadijatu, wanda bai fi girman lemo ba. Tsoro na gaske ya kama shi, ya dafa mota.

Constance ba ta ɓata lokaci ba. Ta ɗaga hannu ta kira mijinta, wanda yake cikin jerin motocin. Davou ya matso da tasa, kujerar 'yarsu tana ɗaure a baya yadda ya kamata, ita Becky tana gida wajen kakarta. Constance ta cire wa jariri rigar ulu da shawul ɗin da Hajiya ta sa masa, ta ce kaya masu kauri suna hana ɗamara kama jiki. Ta kwantar da shi yana kallon baya, ta ja ɗamarar, ta daidaita maɓallin ƙirji daidai hammatarsa, sannan ta lulluɓa masa shawul a sama. Hajiya ta shiga ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannu a gefen kujerar, ba ta ce uffan a kan ƙeya ba.

Ubale ya karkaɗe riga ya nufi ƙofar gaba ta motar Davou. Sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Mai gadin asibiti ne, wani dattijo mai faɗin ƙirji.

"Ina zuwa, yallaɓai? Motarka ta tare hanyar motar asibiti, kuma da gilashin nan ba za ta hau titi ba. Na kira masu jan mota, kuma mai mota sai ya tsaya. Shinkafar nan kuma masu dogara sanda suna bi ta nan, wani zai zame." Ya miƙa masa tsintsiya mai dogon hannu da abin kwasar shara.

"Yau sunan ɗana ne," in ji Ubale, a hankali.

"Ina taya ka murna. Ka fara daga bakin ƙofa."

Motoci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ta Davou a gaba. Hadijatu ba ta waiwayo ba, tana sunkuye a kan yaron. Imrana ne kawai ya tsaya ya kwashi goro da dabino daga but, ya tsinto hular zanna ya kifa masa a ka, ya ce, "Kuraj, mushe," wato ya yi ƙarfin hali, ya bi sahu.

Ƙarfe goma sha biyu saura, Ubale ya tara shinkafa tsibi uku, babbar riga a naɗe a kafaɗa, masu jan mota ba su iso ba. Wayarsa ta yi ƙara. Imrana ne, bayansa hayaniyar zaure.

"Liman ya ce yana da ɗaurin aure a Silver Spring, ba ya iya ƙara jira. Amma ya ce suna sai daga bakin uba. Ga shi, na kara wayar a kunnensa."

Ubale ya soke tsintsiya a hammata. "Bashar," ya ce. "Sunansa Bashar, Malam."

Ya ji liman ya maimaita sunan da ƙarfi, ya ji zaure ya ɗauka da "Allah ya raya," ya ji guɗa ta tashi, kuma ya gane muryar Hajiya a ciki. Aka ce a shafa fatiha. Ya maƙale wayar da kafaɗa, ya ɗaga hannuwansa biyu shi kaɗai a ƙofar asibiti, idanunsa suka cika, ya shafa.

Mai gadi ya jira har ya sauke hannu, sannan ya nuna masa ƙarƙashin benci.

"Akwai saura a can."